Tukunyar Gidan Sanata Nata'ala

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun nan ya ji labarin Sanata Bebe. Ni 'yarsa ce, sunana Khaulat, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don ana nuna ni da yatsa ba. Rabin abin da zan faɗa idona ya gani. Sauran daga bakin mahaifina na ji, ranar da ƙarya ta ƙare masa.

Mahaifina, Alhaji Nata'ala, dillalin riɗi ne. Muna da rufin asirinmu, amma zuciyarsa na kan Majalisar Dattawa. Sau biyu yana tsayawa yana faɗuwa. Da zaɓe na uku ya matso, sai aka kai shi wurin wani boka a cikin duwatsun bayan gari.

Da tsakar rana ya je, amma ya ce cikin kogon sanyi kamar kabari. An shimfiɗa fatun baƙaƙen awaki a ƙasa. A kan igiya an jera busassun harsunan dabbobi kamar kilishi. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa bisa duwatsu uku, babu wuta a ƙarƙashinta, amma tana tafasa.

"Kujera kake so, ko dukiyar da ke tare da ita?" in ji bokan.

"Duka biyun."

"Kowa haka yake cewa. Me za ka bayar?"

"Shanu. Ko nawa ne."

Bokan ya yi dariya. "Masu wurin nan sun ƙoshi da shanu, Alhaji. Za ka hau kujera, dukiya za ta bi ka har ɗaki. Amma duk ranar da ka miƙe ka yi magana a zauren, wannan tukunya za ta ɗauki rabonta daga tukunyar gidanka."

"Wane irin rabo?"

"Sunkuya ka faɗa mata duk mai ci daga tukunyarka. Kada ka tsallake kowa."

Abba ya ce ya ɗauka sadakar tuwo ake nufi. Ni dai na ce haka ya ga dama ya ɗauka. Ya sunkuya cikin tururin ya kira mahaifiyarsa Iyatu, da Ummanmu, da yayana Talha, da ni, da ƙanwata Mu'minatu.

Ya ci zaɓe. Cikin shekara guda gidanmu ya zama bene, motoci suka cika tsakar gida, ana dafa buhun shinkafa kullum saboda 'yan jagaliya. Talata, Laraba da Alhamis mukan taru gaban talabijin mu kalli zaman majalisa: a yi addu'a, a amince da bayanan zaman jiya, a shiga ƙudurori, a buga guduma.

Ranar da Abba ya fara miƙewa, goyon bayan wani ƙuduri kawai ya yi, bai kai minti ɗaya ba. Muna tafi, Iyatu na kan tabarmarta tana jan carbi. Da na juyo in tsokane ta, sai na ga bakinta a buɗe, rai ya yi halinsa. Aka ce tsufa ne.

Wata huɗu bayan haka ya yi magana kan kasafin kuɗi. A daidai lokacin Talha, mai shekara ashirin da takwas, ya faɗi matacce a bakin shagonsa. Bakinsa a buɗe.

Daga nan Abba ya yi gum. Shekara biyu bai sake kunna makirufonsa ba. Ko "eh" ɗin da ake haɗa baki a faɗa idan ana ƙuri'ar murya, leɓe kawai yake motsawa. Gari ya ɗauka. Wani mai adaidaita ya taɓa ce mini, bai san ko ni wace ce ba, "Hajiya, mu namu sanatan ɗumama kujera muka tura shi. Ko atishawa ya yi, wallahi sai mun yanka rago."

Ni kuwa lokacin na gama digirina a kimiyyar siyasa, ina ji da kaina. Da ambaliya ta cinye gonaki a wajen Buji, na zauna na rubuta masa ƙuduri shafi uku, na kai masa falo.

"Abba, ana zagin mu a rediyo. In ba za ka iya ba, ka ba ni kujerar."

"Khaulat, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Mutane na kwana a makarantun firamare, kai kana Abuja kana kallon silin."

Na ajiye ƙudurin a gabansa, daga baya ya ɗauka. Ranar Laraba ya karanta, ya karanta da kyau, har aka tafa masa. Kafin ya zauna muka ji ƙarar faranti a kicin. Umma ce tsaye tana yage mayafinta, tana buɗe baki tana rufewa, babu sauti. Ba ta mutu ba. Amma har yau ba ta san sunana ba.

Da ya dawo ya same ni ina ba ta kunu da cokali, sai ya durƙusa ya faɗa mini komai. Ya ce ya koma wurin bokan da kuka, bokan ya ce, "Ni na kira sunayen, ko kai?"

"Ka ajiye kujerar, Abba. Ka tuba."

"Saura wata biyar zaɓen fid da gwani. Jam'iyya ta ce in na gabatar da dokar ambaliyar nan da kaina, tikiti nawa ne. Sau ɗaya ne kawai. Zan sa malamai su yi sauka."

"Sau ɗaya. Ni ko Mu'minatu?"

Ya kawar da kai. Wannan shirun ya fi mini duk na majalisa ciwo.

Washegari bayan azahar na ɗauki Umma da Mu'minatu muka bar gidan da kayan jikinmu. Na kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi. Da albashina na farko na sayi tukunya. Ya aiko da buhunan shinkafa, na mayar. Ya aiko da direba da ambulan cike da kuɗi, na mayar. Dangi suka ce na yi wa mahaifina rashin kunya, boko ya lalata ni. Akwai ranakun da garin kwaki muka sha da gishiri, Mu'minatu na kuka tana cewa, "Yaya, ko taliya ɗaya mu karɓa." Na ce ko ƙwayar shinkafarsa ba za ta shiga bakinmu ba. Muka riƙe salla da azkar, don na san ba dabarata ce za ta tsare mu ba.

Ranar da aka sa dokar a jerin ayyukan zama, na riƙe hannun Mu'minatu muna kallo a wayata. Aka kira sunansa. Ya miƙe cikin farar babbar riga, ya danna makirufo, jan haske ya kama. Na ƙanƙame ƙanwata ina karanta duk abin da na haddace.

"Ya mai girma shugaba," ya ce. Iyakarta ke nan. Bakinsa ya tsaya a buɗe, takardun suka zube, ya bi su.

Ya kira sunan kowa a cikin tururin nan, ya manta da mutum ɗaya a iyalin da ya rage yana ci daga tukunyar gidansa: shi kansa.

Abokan aikinsa suka tashi tsaye shiru na minti ɗaya, aka ɗage zama. Ranar Talata suka dawo, aka yi addu'a, aka amince da bayanan zaman da ya wuce, aka shiga abu na gaba. Benen nan kuwa yana nan a rufe, jemagu sun cika shi, ko mai gadi ya ƙi zama.

Kai mai neman kujera ko ta halin ƙaƙa, ka ji da kyau. Boka ba ya karɓar abin da ka raina. Uwarka zai karɓa, da ɗanka, da hankalin matarka, sannan ya zo kanka, ka tafi gaban Allah da shirka a wuya. Ladan da majalisa za ta biya ka minti ɗaya ne. Ni kuwa kullum da safe sai na ɗaura wa Umma zane.