Kyandir a Bakin Randa

Sufeto Ramaz yana tsakiyar karin kumallo aka bugo masa waya daga caji ofis. An tsinci gawar dattijo Otar a cikin randar giya.

Lokacin kaka ne, an gama tsinkar inabi, kuma a nan yankin Kakheti da wuya shekara ta wuce ba tare da randa ta ci mutum ba. Giya in tana tafasa takan fitar da wata iska mai nauyi marar wari, ta kwanta a ƙasa. Wanda ya sauka cikinta, sai dai a ciro shi. Shi ya sa ake fara gwada iskar da kyandir: in ya mutu, ba a sauka. Sunan ne ya tsaya wa Ramaz a rai. Otar ya tsufa yana wanke randuna, shi ke yi wa samari faɗa a kan ganganci.

Ɗakin giyar yana bayan gida, ga duhu ga sanyi. Randunan a binne suke har wuya, bakunansu kaɗai ake gani a daɓe. Biyu suna ta ƙugi a hankali kamar cikin mai yunwa. Babbar kuwa wofi ce, daga gindinta aka ciro Otar. Tsani na jingine a ciki.

"Yallaɓai, tsautsayi ne," in ji Kofur Zaza. "Ga tsani, ga ma guntun kyandir ɗin da ya gwada iska da shi."

Ramaz ya tsuguna. Siririn kyandir ne na kakin zuma, irin na coci, an kafa shi a bakin randar ya cinye ƙurmus. A gefensa akwai ɓallin burodi da ya yi baƙi da giya, ya bushe ƙamas, tururuwa sun yanyame shi.

"Zaza, a gidanku a sama ake kafa kyandir in za a gwada iska?"

"A'a, Yallaɓai, da igiya ake zura shi ciki."

"To, ashe ka sani."

Ya leƙa randar. Numfashinsa ya dawo masa kamar na wani mutum daban. Ya miƙe da sauri fiye da yadda ya dace da babban ɗan sanda.

A tsakar gida likita ya yaye mayafin gawar.

"Tun jiya da la'asar ya cika. Iskar ce ta kashe shi. Amma dubi hannunsa."

Faratan duk sun kakkarye, jan yumɓu ya cushe a ƙarƙashinsu.

"Da tsanin yana ciki, me zai sa ya yi ta karcen bango?" in ji Ramaz.

Mutum biyu suka rage a gidan: Gocha, ɗan mamacin, da Lamara, yayar mamacin, wadda ba ta taɓa aure ba. Tana zaune a baranda cikin baƙaƙen kaya, fuskarta na kallon gona. Itatuwan inabin nan kakansu ne ya dasa su. Sun tsufa sun murɗe, 'ya'yansu kaɗan, amma giyarsu baƙa ce wuluk, mai kauri, tana rina harshe. Duk ƙauyen sun san ana shirin tuge su bayan girbi a dasa masu yawan 'ya'ya, sun kuma san Lamara ta ce sai dai a fara tuge ta.

"Inna, sannu da haƙuri," in ji Ramaz. "Wa ya fara ganinsa?"

"Ni. Yau da safe. Na kurma ihu na fito, ban sake komawa ba."

"Bai kwana gida ba, babu wanda ya neme shi?"

"Ya ce mini a bukkar gona zai kwana. Ni na faɗa wa Gocha."

Sai ta karkata kai wajen ɗakin giyar, ta ɗaga yatsa.

"Ka ji, ɗana?"

"Me?"

"Har yanzu yana goge randar. Ba ya barin aiki rabi."

Ramaz bai ji komai ba, amma sai da ya kasa kunne, kuma ya ji haushin kansa da ya yi hakan.

Gocha yana bakin rijiya, idanunsa sun yi ja.

"Ni da Baba lafiya lau muke, Yallaɓai."

"Maƙwabta sun ce jiya da hantsi har kaji sai da suka watse don ihunku."

Gocha ya sunkuyar da kai. "A kan gonar ne. Shi ya kira mai tarakta, ni kuma na ce a bar itatuwan."

"Ina kake da la'asar?"

"Na fita yawo."

"Ranar da ake matsar inabi? Kai ne mai sa'ar Kakheti."

Nodar mai tarakta yana ƙarƙashin motarsa lokacin da suka isa. Da ya ji tambayar ya fito yana dariyar takaici.

"Otar ya kira ni? Haba, Yallaɓai! Yaron ne ya kira ni. Tsohon jiya da safe ya tare ni a hanya, ya ce in ƙarfen nan ya taka gonarsa zai ɗura mini man motar a baki. Amma ya roƙe ni kada yayarsa ta ji. Wai in ta san ɗansa ne mai shirin, za ta tsine masa. Gara ta ci gaba da zaginsa shi, tun yana goye ya saba."

A mota Zaza ya buga cinya. "An gama, Yallaɓai. Uba ya hana, ɗa ya janye tsani."

Suka koma gidan. Ramaz ya bari aka sa wa Gocha ankwa, shi kuma ya koma ɗakin giyar ya nufi lungu. Can akwai ƙaramar randa, wadda kowane gida a wajenmu yake keɓe wa magabata. Giyar tsofaffin itatuwa ake zubawa a ciki, ba a buɗe ta sai don matattun gida, kuma wanda ya fi kowa shekaru a gidan kaɗai ke taɓa ta. An fasa yumɓun murfinta, an sake liƙewa da sabo. Shatin yatsun da ke jiki sirara ne.

Ya fito da ɓallin burodin a tafin hannu ya ajiye gaban Lamara. Gocha na tsaye a gefe, Zaza na riƙe da shi.

"Inna, wa ya jiƙa wa Otar burodi da giyar magabata, ya kunna masa kyandir?"

"Al'ada ce. Ba a barin mamaci ya tafi da ƙishirwa."

"Haka ne. Kin ce da safe kika gan shi, kika fito ba ki koma ba. Burodin nan kuwa ya kwana. Wanda ya ajiye shi ya san Otar ya mutu tun kowa na zaton yana bukkar gona. Ya mayar da tsani don ya ruɗe mu, amma ya kasa barin ɗan'uwansa babu haske."

Lamara ta daɗe tana kallon ankwar da ke hannun Gocha.

"Ku kwance yaron nan. Ko kaza bai iya yankawa ba."

Ta juya ga Ramaz. "Na iske shi a ciki yana gogewa. Na janye tsanin, na ce ba zai fito ba sai ya rantse ba zai taɓa itatuwan kakanmu ba. Sai ya yi mini dariya. Ya ce, 'Gonata ce, tsohuwa, mayar da tsani.' Na ce to zauna nan ka yi hankali. Na ja ƙofa na rufe taga don kada Gocha ya ji shi."

Ta dubi ɗakin giyar.

"Na manta randuna biyu suna tafasa. Ni, da aka haife ni a kan randa. Da na dawo ya yi shiru."

Ramaz ya ji tausayi ya kama shi, abin da ba ya so a bakin aiki. Ya yi niyyar barin maganar Nodar sai a kotu. Ya taimaka mata ta miƙe, bai sa mata ankwa ba.

A bakin mota ta juyo. "Gocha, yanzu gonar taka ce. Kai ba za ka tuge su ba, ko? Kai ba irin ubanka ba ne."

Gocha ya zube a ƙasa yana kuka.

"Gwaggo, ni ne na kira taraktar. Baba jiya ya kore ta. A kan haka muka yi faɗa. Sunana yake rufewa."

Lamara ba ta yi kuka ba. Ta juya ta fuskanci ɗakin giyar, ta ɗaga murya yadda yaya ke yi wa ƙane.

"Otar! Kai ɗan taurin kai, me ya hana ka faɗa mini?"

Ta tsaya tana jiran amsa. Ramaz ya bar ta ta jira, sannan ya buɗe mata ƙofar mota.