Mazauna Tukunyar Hayaƙi

Ranar Talata, gab da magariba, makanike ya shigo da motar cikin gida, abin da bai saba yi ba. Motar wata dattijuwa ce. Tun da mijinta ya rasu take ajiye a ƙarƙashin rumfa, shekara uku ba wanda ya murɗa mata makulli, sai yanzu da ƙafafu suka fara gaza wa matar ta ce a tashe ta don zuwa asibiti.

Tashi kam motar ta tashi, ja ne ba ta yi. A tsaye injin na kaɗawa lafiya lau, amma da an hau titi an taka totur sai ta yi nishi ta noƙe, kamar an riƙe ta ta baya. Kwana biyu yana fama da ita a gareji. Ya sauya fulogai, ya wanke matatar mai, ya gwada famfo, ya shinshina kuloci bai ji ƙauri ba. Shekara ashirin da biyar yana sana'ar, kuma ba ya son mota ta kwana uku a hannunsa bai san ciwonta ba. Shi ya sa ya taho da ita gida, inda babu abokan aiki masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

"Baƙuwa muka yi, Baban Auta?" in ji matarsa daga bakin madafa. "A ƙara hannu a girkin?"

"Ba ta cin da yawa. Matsalarta ke nan."

Ya kira Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ya zaunar da ita a mazaunin direba, ya ce ta taka totur har ƙasa. Shi kuma ya zagaya baya ya kara tafin hannu a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita. Iskar da ya kamata ta ture hannun, ɗan huci ne kawai, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya leƙa ƙasa. Tukunyar da ke tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira katalis, ta yi jajir kamar garwashi.

Da ta huce ya ƙwanƙwasa ta sau uku da ƙotar guduma. Daga ciki wani abu ya amsa, ƙas, ƙas, ƙas. Kowane makanike ya san wannan ƙara: saƙar da ke ciki, mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ta karye ta toshe hanya. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabuwa. Gyaran da aka saba shi ne a zura rodi a farfasa ta, a zubar, a mayar da fanko.

Ana kiran sallah matarsa ta ce ya bari sai da safe. Ya ce minti biyar. Ya kwance tukunyar, ya tsayar da ita, ya riƙa caka mata rodi har gutsattsarin suka zubo, farare masu baƙin kunkunniya. Ya share su zuwa bakin kwata, ya ɗaure fankon. Motar ta yi ruri irin na sabuwa.

Da ya kashe inji, shirun da ya biyo baya ya fi ƙarfin gidan. Kajin maƙwabta ma ba su motsa ba.

Suna cin abinci jifa ta farko ta sauka a kan kwanon rufi. Ta biyu. Sannan kamar an zazzage buhun tsakuwa. Ya fita da fitila, ba kowa a kan katanga, ba kowa a lungu. Da safe ya hau tsani ya duba: ba duwatsu ba ne, gutsattsarin saƙar nan ne. Ya sauko da su a aljihu bai gaya wa kowa ba.

Washegari da almuru aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin Auta sau uku, daga ciki, alhali tana zaune tare da su a tsakar gida.

Daga ranar numfashinta ya canza. In tana zaune lafiya lau, har da hira. Da ta miƙe ta yi taku goma sai ta dafa bango, ta yi nishi, ta noƙe. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji aka ce ba komai. Uban yana kallonta daga nesa, yana ƙin abin da idonsa ya riga ya gane. A rana ta uku ya kara tafin hannu a bakinta. Ɗan huci ne mai zafi, da wannan warin.

Sai a lokacin ya gaya wa matarsa. Ta yafa mayafi ta tafi kiran Malam.

Malam ya zo bayan la'asar, tsoho siriri mai magana a hankali. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, uwar ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin Auta ta ɗago kai, idanunta a buɗe amma ba ta kallon kowa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona mana yara."

Muryar wata tsohuwa ce, a shaƙe, daga bakin Auta.

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Tambayi mai baƙin hannun can. Shekara uku muna zaune, ba wanda ya ce nasa ne. Ɗaki dubu huɗu, kowa da nasa. Wannan yarinya ta hura mana wuta da ƙafarta, muka daure. Shi ya zo ya ƙwanƙwasa, muka amsa. Ka amsa wa mutum sallama, ya shigo maka da rodi?"

"Ban sani ba," in ji makanike. "Wallahi na ɗauka saƙar ce ta karye."

"Kai ka san komai, ai. Fulogi, famfo, kuloci. Muna jin ka kana lissafi."

"Yarinya umarni aka ba ta," in ji Malam. "Kuma motar ta mutane ce, ku kuka shiga ba izini. Ku fita."

"Mu fita ina? Nan ma cikin huhunta ƙananan ɗakuna ne, sun fi namu yawa, ga ɗumi. Mun bar mata kaɗan ta sha iska. In ka matsa, mu cike su."

Ƙirjin Auta ya tsaya. Uwar ta ƙwalla ƙara. Malam bai ɗaga murya ba, ya ci gaba da karatu a kunnen yarinyar, kalma bayan kalma, har jikinta ya fara rawa, muryar ta dawo tana haki.

"Tsaya! A mayar mana da gidanmu. Duka. A toshe bakinsa guda, a kai mu inda inji ba ya wucewa."

"Ki rantse ba ku dawowa, ke da zuriyarki."

Ta rantse.

Makanike ya shiga ƙarƙashin motar, wadda har yanzu bai mayar wa mai ita ba, ya kwance fankon. Ya toshe bakinsa guda da farantin ƙarfe da noti. Shi da matarsa suka durƙusa a bakin kwata suna tsince gutsattsari, suka juye aljihu, ya sake hawa kan kwano ya share da tafin hannu, suka zuba duka a ciki. Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya ajiye tukunyar a gaban tabarma.

Auta ta sunkuya a kanta, leɓɓanta na motsi.

"Saura ɗaya. Na jikata."

"Mun tsince komai!" in ji uwar.

"Saura ɗaya."

Leɓɓan yarinyar sun fara yin toka-toka. Numfashin ya koma siririn fito.

"Ina yake?" in ji Malam.

"Yana jikinsa."

Makanike ya duba aljihu, ya cire takalmi ya kakkaɓe. Sai ya ga gindin babban yatsansa na dama ya kumbura, da ɗan ɗigo fari a ƙarƙashin fata. Fatar wurin ta yi kauri da aiki, ko jin shigarsa bai yi ba. Allura ta ƙi shiga. Ya ɗauko reza ya tsaga, ya matse, ya zaro wani ɗan gutsure bai kai ƙwayar shinkafa ba, da rami ɗaya a tsakiyarsa. Ya goge jinin a riga, ya jefa shi a tukunyar.

"Ɗauke mu," in ji muryar.

Auta ta sulale a jikin uwarta.

Tukunyar da yake ɗagawa da hannu ɗaya ta ƙi tashi. Sai da Malam ya kama ɗaya gefen, suka ciccibe ta, suna tafiya taku ɗaya-ɗaya, jini na ɗiga daga yatsansa. Sun kai bakin ƙofar gida ya ji tari a bayansa, mai ƙarfi, sannan aka ja wani dogon numfashi, aka sake shi, aka sake ja.

Ya fara juya wuya.

"Kada ka waiwaya," in ji Malam. "Ɗaga ƙafarka, ga dokin ƙofa."

Ya ɗaga ƙafa, suka fita.