Ƙara Kaɗan, Yaya

Da yamma lis tela ya rufe shagonsa, ya zuba sifana da filaya a aljihu, ya nufi gida da niyyar yau sai an yi ta ta ƙare. Gidan haya ne mai benaye. Shi da mahaifiyarsa da ƙanwarsa Auta suna hawa na ƙarshe, samansu kuma rufin siminti ne inda kowa ke kafa eriyarsa.

Tun da aka mayar da tashoshi dijital bai huta ba. An sauya wa kowace tasha lamba, wadda Inna ke kallon labarai a kai ta koma can ƙarshen jeri, kuma ba ta zama. Da can in sigina ta yi rauni, hoto yakan yi yayyafi amma ana gani. Yanzu sai fuskar mai labarai ta daskare, baki a buɗe, ta farfashe gida-gida, allo ya yi baƙi. Ya sayi sabuwar dikoda. Ya canja waya. Duk ranar da ya saita eriyar ta kalli tudun da hasumiyar tashar take, washegari sai ya tarar ta juya tana kallon wani fegi da ke bayan gidan, wanda ba kowa a cikinsa sai ciyawa.

Shi dai ya san mai wannan aikin. Maƙwabcinsa mai walda ne, wanda eriyarsa ke kusa da tasa. Kwanan nan mutumin ya daina amsa gaisuwa da kyau, in sun haɗu a bene sai ya bi shi da wani irin kallo.

Da ya zo ƙofarsu bai shiga ba, ya ɗan tura ta kawai.

"Auta, tsaya gaban talabijin. In ta kama ki faɗa mini ta taga."

"To, Yaya," aka amsa daga ciki.

Saman rufin na warin kashin tantabaru da tsatsa. Simintin na fitar da zafin da ya sha tun safe. Tankin ruwa na ɗiga. Ya tsuguna ya duba gindin sandar eriyar. Notin na nan daram yadda ya ɗaure shi, sai da ya sa ƙarfi kafin ya motsa. Amma sandar ta juya. Ya duba ƙurar da ke ƙasa yana neman sawun takalmin mai walda. Sawun ƙafarsa shi kansa kaɗai ya gani.

Ya kwance notin, ya fara juya sandar a hankali.

"Ta kama?"

"A'a. Ƙara kaɗan, Yaya."

Ya ƙara.

"Ta fara zuwa. Ta tafi. Ɗaga ta sama."

Ya zare sandar daga mazauninta, ya rungume ta, kansa a sama yana kallon haƙarƙarin eriyar. Rana ta faɗi, sararin ya yi ja-ja. Tantabarun da ke kan tanki suka tashi gaba ɗaya ba tare da an kore su ba.

"Matsa baya."

Ya matsa, wayar na jan ƙasa a gabansa.

"Yauwa, ga hoto nan. Inna na murna. Ƙara kaɗan."

Diddigensa ya taɓa ɗan dakalin da ke bakin rufin. Ko gwiwarsa dakalin bai kai ba.

"Hau kai, Yaya. Saura ƙiris."

Ya ɗora ƙafa ɗaya. A nan wani abu ya tsaya masa a rai. Tagar falonsu titi take kallo, ga ta can gabansa ta hagu. Muryar kuwa daga bayansa take zuwa, ta ɓangaren fegin. Bangon wannan ɓangaren ba shi da taga ko ɗaya.

Ya sauke ido kan titi. Fitilun shaguna sun fara kamawa. Wata yarinya na tahowa daga kwana da kayan aikinta na asibiti, jaka a kafaɗa, tana danna waya. Ko a cikin dubu ya san tafiyar nan.

Auta ce. Ba ta ma iso gida ba.



"Yaya."

Yanzu muryar ba daga ƙasa take ba. Daidai kunnensa take, a bayansa, inda babu abin takawa sai iska. Wani wari ya taso, kamar na wayar lantarki in ta ƙone.

"Ɗaya ƙafar."

Ya so ya saki sandar, yatsunsa suka ƙi buɗewa. Sandar ta yi sanyi. Ta yi nauyi. Kanta ya fara karkata baya a hankali, kamar ana ja.

Ya nemi addu'a. Harshensa ya manne.

Ƙafarsa ta biyu ta bar ƙasa.

Sai wani hannu mai kaushi ya damƙi gaban rigarsa ya fizgo shi. Suka zube tare a kan siminti. Sandar ta suɓuce, ta tsinke wayar, ta tafi. Suka kasa kunne su ji faɗuwarta. Ba su ji komai ba.

Mai walda ne, yana haki, guduma a ɗaya hannunsa.

"Kada ka waiwaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Rarrafa."

Sai da suka shiga bene suka ja ƙofar ƙarfen suka sa sakata, sannan mai walda ya jingina da bango.

"Na ga ka hau, na biyo ka in kama ka. Na ɗauka kai ke juya mini eriya." Ya share fuska. "Da wa kake magana?"

"Ba ka ji ta ba?"

"Kai kaɗai na ji. Kana tambaya, kana tafiya da baya."

Washegari da rana tsaka suka hau su biyu, suka sauke eriyar mai walda, ya kawo injinsa ya liƙe ƙofar rufin. Tela ya sayo 'yar ƙaramar eriya ta cikin ɗaki, ya ajiye a kan kabad. Tashoshi kaɗan take kamawa, ta labaran ba ta ciki. Bai gaya wa Auta komai ba. Amma daga ranar, in aka kira shi daga wani ɗaki, ba ya amsawa sai ya je ya ga fuskar mai kiran.

Bayan kwanaki Inna ta tambaye shi dalilin liƙe ƙofar. Ya ce don yara ne.

"Gara haka," ta ce. "Ka huta da barin shago da rana kana hawa can."

"Da rana, Inna?"

"Kullum mana. In Auta ta fita sai in ji ka a sama, kana ta 'Inna, ta kama?' ni kuma ina amsa maka." Ta ci gaba da ninke kayan wanki. "Ran nan har cewa ka yi in hau in riƙe maka sandar. Na kai rabin bene, gwiwata ta ƙi. Na ce maka sai wani lokaci, ka ce ba komai, za ka jira."