Hoton Tafki a Farin Wata

Tun zamanin kakanninmu, ba a tsayawa bakin tafkin ƙauyenmu, gabas da Guci, a daren farin wata sai da sallama. Na gargaɗi ɗana Rabilu, mai ɗaukar hoto. Ya ce zancen tsofaffi ne.

Wani daren farin wata muka je bakin tafkin, ba mu yi sallama ba. Ya kafa kyamararsa, ya bar idonta buɗe domin ta sha hasken wata. "Baba, mai motsi ba ya fitowa a hoton, sai wanda ya tsaya cik." Ya tsaya gabanta.

Wata mata ta gifta bayansa da tulu, ba sawu a yashi. "Sannunku, marasa gaisuwa," ta ce, ba ta tsaya ba.

Muka duba hoton. Ga ta tsaye, tana kallona. Inda Rabilu ya tsaya kuwa, ruwa ne kawai.