Muryar da Ta Ƙi Bin Rubutu

Da magariba na shiga ɗakin jikata in ɗauko butata. Ba na son aikinta, kuma na sha faɗa mata. Wai na'ura ce take magana a fim, ita kuma tana jan maganar gaba da baya har ta zo daidai da rubutun da ke fitowa a ƙasa. Murya ba harshe ba maƙogwaro. Ƙazanta.

Ɗakin yana warin naman da ya kwana a ruwa.

"Ke 'yar nan, ɓera ne ya mutu, ko kwanukan jiya kike kiwo?"

"Kaka, yi shiru mana. Muryar nan makara take yi. Sai rubutu ya wuce take biyowa."

Ta sake kunnawa. Rubutu ya fito, ya ɓace, sannan muryar namiji ta zo. Ni ban iya karatu ba, sai na kasa kunne. Tsakanin magana da magana, inda ya kamata a ji tsit, ana tauna. Caɓ. Caɓ. Aka haɗiyi yawu.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Na'urar taki tana cin abinci?"

"Ko numfashi ba ta yi, Kaka."

Sai aka yi gyatsa. Warin ya bugi fuskata da ɗuminsa.

Yarinyar ta ƙara jawo muryar gaba. Wannan karon muryar ta zauna daram a kan rubutun. Jikata ta juyo da murna, bakinta yana motsi.

Ban ji komai ba.

Ta rufe baki. Sannan maganar ta iso: "Kaka, ta daidaita!"

Wani baƙin yawu yana tsiyaya daga lasifika. Ya bi tebur, ya hau hannunta, ya kai leɓenta. Tana lasa, ba ta sani ba.

Na yi a'uziyya, na fizge wayar na'urar daga bango.

Na'urar ba ta mutu ba. "Kaka," in ji ta, da muryar jikata.

Na damƙi yarinyar na ja. Aka ja ta baya. Hannunta santsi kamar hanji. Na kafa farce na fizgo ta, muka zube a tsakar gida ina amai.

Na'urar an farfasa ta an binne. Yarinyar tana ci tana sha. Amma har yau in ta gaishe ni, sai leɓenta ya gama motsi gaisuwar take isowa. Uwarta kuka take yi. Ni ƙasa nake kallo har maganar ta zo, sannan in amsa. Kuma na ware mata kofinta.