Motar Barmo Da Katangar Gidansa

Ranar da Biba ta fara ganin Isaka, ganyen albasa take shanyawa a kan murfin injin motar babanta. Motar kuwa sai dai a kira ta mota don girmamawa. Tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda mutanen Adar ke ce wa bashe saboda tamfol ɗin da ake lulluɓa mata a baya. Ta yi shekaru a zaune a tsakar gidan baban nata Barmo a garin Tama, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na saka ƙwai a kujerar direba.

Aka yi sallama a zaure, babu namiji a gida, sai Biba ta ja mayafi ta leƙa. Wani dogon saurayi ne, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Ya ce sunansa Isaka, makanike ne daga Madawa, an gaya masa akwai matacciyar mota a gidan, ko za a sayar masa da ƙofofinta da fitilunta. Bai kai ƙarshen maganar ba idonsa ya faɗa cikin nata, bawan Allah ya hau in-ina kamar wanda ya haɗiye tuwo da zafi.

Biba ta danne dariya ta ce, "Matatta? Kada ka bari Baba shi ji wagga magana. Barci take yi."

Ashe Baban yana bayansa, ya dawo daga garka, wato lambunsa, da kwando a kafaɗa, kuma ya ji komai. Barmo da motar nan ya yi suna a shekarun saba'in, yana jigilar albasa daga Tama zuwa Buza da Madawa, har wata damina ruwan kwari ya shanye ta, aka jawo ta gida da shanu. Tun daga nan duk makaniken da ya tambayi ƙarfenta, angulu yake kiransa. Haka ya kira Isaka, ya kuma raka shi da faɗa har bakin hanya.

To amma mutumin naku bai ji korar ba. Kowace ranar kasuwar Tama sai ga shi a rumfar Biba yana sayen albasa, albasar da ko mai tuwon sayarwa ba za ta cinye ba, balle gwauro. Ita ta sa masa suna Baƙin-hannu, shi yana kiranta Mai-albasata. Kafin damina ta wuce Biba ta san ta kamu, don ranar da bai zo ba ko ciniki ba ya yi mata daɗi.

Isaka ya turo kawunsa Mato neman izini, Barmo ya ce a kai kasuwa. Shi hankalinsa yana kan Nuhu, direban furoje, wato hukumar aikin gyaran ƙasa ta Keita, wanda ke zuwa da farar mota fes, ya ajiye shayi da sukari, su zauna hirar tuƙi. Barmo ba mutumin da zai yi wa ɗiyarsa dole ba ne, wannan kowa ya shaida. Amma Biba ma ba za ta shiga ɗakin da babanta bai sa wa albarka ba. Sai ta rame, ta daina dariya, mahaifiyarta Indo kuwa ta sa maigidan a gaba da mita safe da yamma.

Da mitar ta ishe shi, ya aika aka kira Mato, ya ce, "Ku gaya mashi, tunda motata ta kawo shi, ranar da ta tashi ta tahi kasuwar Tama da ƙafafunta, shi aiko a yi magana. In anka gama ɗebe albasar bana ba ta tahi ba, kada in sake ganin shi."

Nan aiki ya fara. Kullum Isaka ya zo, a ƙofar zaure yake cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Barmo da ke zaune a ciki, ya wuce sum-sum kansa a ƙasa, don kunyar wanda kake son ɗiyarsa ba ta barin ka ɗaga ido. Da ya buɗe injin, yashin kwarin nan ya tarar a ciki ya daskare. Ya wanke, ya goge, ya shiga yawon neman kaya. Buji, wato filogi, da zobban fistan daga Ƙwanni, tankin ruwa daga wata 'yar'uwarta da ta faɗi a hanyar Buza, tayoyi na hannu daga Maraɗi. Kowane ƙarfe a hannu ko a ka yake shigo da shi.

Biba takan kawo masa fura ta ajiye a gindin taya, ta tsaya daga nesa tana tsince gero da gangan. Wata rana ya tambaye ta daga ƙarƙashin mota wane launi take so a shafa. Ta ce kore, irin na ganyen albasa in ya sha ruwa. Ya ce in ta ce a yi mata zanen kwanon talla ma zai yi, ta ce Allah ya shirye shi, ta gudu ɗaki tana murmushi.

Sai karbureta ta ƙi, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska. Isaka ya kwance ta ya sa a jaka ya tafi, shiru, kasuwa ta ci ta sake ci babu labarinsa. Nuhu ya samu abin faɗa, yana gaya wa mutane a tasha cewa angulu ya samu tsokar da ya zo nema ya tashi. Maganar ta kai kunnen Biba, kuma ta yi mata ciwo ƙwarai, don ita ma ta fara tambayar kanta ko ita aka so ko ƙarfe. Ta yi kuka a bayan rumbu inda babu mai gani.

Ana haka wani direban babbar mota ya tsaya a rumfarta ya miƙa mata kaset. Ta ruga gidan ƙawarta mai rediyo suka saka, sai ga muryar Isaka, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Mai-albasata, ina gaishe ki. Ina Sakkwato wurin masu tsohon ƙarhe. Na samu irin tata, amma mai ita ya ce ba ta sayarwa ba ce sai in yi mashi aiki, to aikin nike yi. Kada ki ji maganar kowa. Ko ina cin abinci ke nike tunawa, don miyarsu babu albasar kirki. Ki gai da Inna. Baƙin-hannunki ne."

Sai da suka juya kaset ɗin har batir ya mutu.

Ya dawo ya rame ya yi duhu, ana tsakiyar ɗebe albasa. Ya ɗaura karbureta, ya shafa koren fenti da ratsin rawaya, ya kafa sabon katako a baya ya shimfiɗa tabarmin kaba na Madawa, ya ɗinko tamfol. Ranar da zai tayar da ita, da hantsi, matan unguwa suka cika gidan. Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta yi kaki, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ta kama ruri. Kaji suka watse, Indo ta rangaɗa guɗa, Biba ta rufe fuska da mayafi don kada a ga hawayenta.

Isaka ya sa giya, ya ɗaga kai yana neman hanya. A ranar ne ya fara kallon gidan da kyau. Katangar ƙasa ce ta kewaye ko'ina, ƙofa ɗaya ce tak, ta zaure, wadda ko jaki da kaya sai an karkata masa. Lokacin da shanu suka jawo motar, dangar kara ce a gidan, daga baya Barmo ya gina katanga da zaure. Isaka ya sha wucewa ta ƙofar nan, amma ƙasa yake kallo. Biba kuwa tun tana ƙarama take ganin motar a wurin kamar rumbu, bai taɓa zuwa mata a rai cewa abu ne mai fita ba.

Wane saurayi ne zai buɗe baki ya ce a fasa katangar surukinsa? Isaka ya kashe injin, ya sauko, ya je gaban Barmo da ya shigo tun tarin farko, ya durƙusa.

"Baba, ta tashi, amma ba ta hita ba. Alkawarin bai cika ba."

Biba ta juya ta zuba wa babanta ido. Barmo ya zagaya motar yana shafa fentin, ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makullin da kansa. Ya daɗe yana sauraron injin, idonsa a rufe, hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya fito.

"Yaro, na san da katangar nan tun ranar da na yi maganar. Ban zaci za ta tashi ba, kuma na ce ko ta tashi ina da mahita. Ban kyauta ba." Ya juya wajen matarsa. "Indo, miƙo mani dagi. Ni na gina, ni za ni rushe."

Bugun farko a gefen gabas ya sauka, ƙasa ta zubo masa a rawani. Maƙwabta suka shigo da gatura da kwanduna, kafin azahar an buɗe hanya. Barmo ne ya tuƙa ta, Isaka a gefensa kai a sunkuye, yara na bin su da gudu har tsakiyar kasuwar Tama. A nan, gaban 'yan albasa, ya ce wa Isaka ya gaya wa kawunsa ana jiransa.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Nuhu ma ya zo, ya ci goro, ya yi addu'a, don ba mugun mutum ba ne, bakinsa ne kawai ya fi shi sauri. Da la'asar aka fito da amarya a lulluɓe za a kai ta Madawa, ƙawaye suka cika bayan motar da kwanoni da waƙa. Barmo ya matso kusa da taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Biba, ki tahi da yardata. Na so in hana ki abin alheri, Allah bai nuhe ni ba. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku ɗiya masu jin ƙanku."

Daga cikin mayafi ta ce amin tana kuka, jama'a suka amsa da amin, motar ta ɗauki hanyar Madawa a hankali.