Tambaya ta Bakwai a Takardar Inshora

Takardu uku ne shimfiɗe a kan tabarma, kowace an danne ta da kofin shayi saboda iskar fanka, ita kuwa Anti Direba ta durƙusa a gabansu tana juya biro a hannu, idanunta sun yi jawur. Kwana tara ya rage inshorar motar ta ƙare. Wata takwas ke nan da rasuwar mijinta, bai bar mata gida ba, bai bar mata shago ba, sai doguwar jif mai kujera bakwai da 'yarsu tilo da yake kira 'Yar Baba, yarinya mai shekara tara wadda ƙafafunta suka shanye tun tana goye. Da jif ɗin take kai yaran maƙwabta makaranta iyayensu su sallame ta a ƙarshen wata, su ne ma suka laƙaba mata Anti Direba. Da ita kuma take kai 'Yar Baba gashin ƙashi asibiti, don keken yarinyar ba ya shiga ƙaramar mota. In motar nan ta tsaya, tukunyarsu ta tsaya.

Kamfanin farko ya fi araha, amma wanda ka buge kawai yake gyara wa, taka motar ko gwangwani ta zama, kai ka jiyo. Na biyu ya haɗa da gobara da sata, sai dai in abu ya faru, mai mota zai fara fitar da kaso mai nauyi daga aljihunsa kafin su motsa. Na uku ya ɗauke komai, har ambaliya da faɗuwar bishiya da mutanen da ke cikin motar, amma farashinsa na sa mutum gumi. Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne tambaya ta bakwai: “Ana ɗaukar mutane a motar su biya?” In ta ce a'a, kuɗin zai sauko kusan rabi. Sau shida ta kira lambar da ta ajiye a wayarta da sunan Mai Inshora, sau shida ana yi mata bayani cikin haƙuri, amsar ba ta canza ba.

“Mama, me ya sa kike kuka a kan takarda?” in ji 'Yar Baba daga kan kekenta.

“Ba kuka nake ba, fanka ce...” Ta share ido, ta ce a ranta, “Ya Allah, 'ya'yan mutane nake ɗauka, kada Ka bar ni in ɗora su a kan ƙarya.” Ta rubuta e. Washegari ta sayar da 'yan kunnen da marigayi ya saya mata, ta biya kamfani na uku.

Ai kuwa ba a kwana biyu ba labari ya kai kunnen Baffa, wan mijinta, mutumin da tun ranar rasuwa idonsa ke kan jif ɗin nan kamar na kyanwa a kan kifi. Ya tara dangi a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ya ɗaga rasit sama yana kaɗawa. “Ku gani da idonku! Dukiyar marainiya ake ƙonawa a kan takarda! Ni tawa motar, mutumina da ke zama a bakin ofishin lasisi ya yi min inshora a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, ko fam ban cike ba. Ke wa ya aike ki ki gaya musu kina haya? Uwarki ce su?”

“Yaya, gaskiya ce suka tambaya...”

“Gaskiya! Miƙo wayarki mu ga gaskiya.” Ya fizge wayar, ya latsa, sai ya saki wata dariya mai ciwo. “Mai Inshora, Mai Inshora, Mai Inshora! Kira shida, wani har minti arba'in! Inna, ƙasar kabarin ɗanki ba ta gama kwantawa ba an samu magajinsa. Shi ya sa aka kai masa kuɗin da hannu bibbiyu!”

“Innalillahi! Yaya, ka ji tsoron Allah, ai Mai Inshorar nan...”

“Rufe mana baki!”

Ta juya wajen Inna tana neman ceto, tsohuwar da ita Anti Direba ta yi jinyarta da hannunta shekara biyu, amma Inna ta kau da kai ta kama jan carbi. Wannan kau da kan ya fi mata duk zagin Baffa zafi. A take aka yanke cewa motar za ta koma gidan Baffa “har a bincika”. Da ya zare makullin daga hannunta, 'Yar Baba ta ƙwalla ƙara, “Baffa, motar babana ce! Da me za a kai ni asibiti?” Ko waiwaye bai yi ba.

Kai, duniya! Makon farko iyayen yara suka nemi wani direba. Mako na biyu matan layi suka fara yin shiru in ta doso famfo, ta wuce a kwashe da dariya. Ranar gashin ƙashi ta goya 'Yar Baba, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na dukan gwiwoyin uwar, don ta yi ta tsayar da motocin haya suna wucewa saboda ba mai son ɗaukar keke, har ta haƙura ta bar shi a gida. A hanya yarinyar ta raɗa mata a kunne, “Mama, na yi miki nauyi ko? Gobe ba zan ci abinci da yawa ba...” Nan Anti Direba ta jingina da katangar wani shago ta yi kuka kamar ranta zai fita. Duk sallar da ta idar addu'arta ɗaya ce: Allah Ya wanke ta, Ya dawo wa marainiya da motar ubanta.

Ranar wata Laraba da la'asar hadari ya haɗu, iska ta taso mai tsige kwanon rufi. Ba a jima da ɗaukewar ruwa ba wayarta ta yi ƙara, muryar Baffa na karkarwa: “Ki zo ki ga abin da baƙin jininki ya jawo!” Tsohuwar bishiyar da ke tsakar gidansa ce ta tuge, ta kwanta a kan motoci biyun da ya jera a gindinta, tasa da jif ɗin marigayi. Rufin jif ɗin ya lotse har kan kujeru. Ta tsaya tana kallon gorar ruwan wani yaro da ta murgino cikin fasassun gilasai.

Kwana uku ta yi tana zullumi. Za su biya kuwa, alhali ba a ƙofar gidanta motar take ba? In akwai wani ƙaramin rubutu da idonta ya tsallake fa? Ta karanta takardar har gefenta ya yi laushi. Shi kuwa Baffa ya riga ya shirya, don ya san in kamfani ya ƙi biya, laifi ya tashi daga kan wanda ya ƙwace mota ya koma kan wadda ta zubar da kuɗi.

Ranar da za a zo dubawa dangi suka cika tsakar gidan Baffa, har Inna aka fito da ita kan kujera. Wata dattijuwa ce ta shigo, mai tabarau da furfura a gefen ɗankwali, tana dogara sanda, wani ma'aikaci na biye da ita da na'urar ɗaukar hoto. Ta zagaya jif ɗin a hankali, ta tsaya a kan gorar ruwan nan. Baffa ya yi wuf ya matso.

“Hajiya, gara in faɗa miki don Allah. Haya take yi da motar nan! Yaran makaranta take jigila ana biyanta. Ai ka'idarku ta karye ke nan, ko?”

Dattijuwar ta buɗe fayil, ta sa yatsa a kan wani layi. “Tambaya ta bakwai. Ta ce e. Shi ya sa nata ya fi tsada, shi ya sa kuma za mu biya ta ba tare da gardama ba. Sau shida ta kira ni a kan tambayar nan, har na ce mata, 'yata, mutane da yawa a'a suke rubutawa, ranar wahala su zo suna mana kuka.”

Inna ta ɗago kai. “Ke ta kira? Ke ce... Mai Inshora?”

“Shekara talatin da ɗaya ke nan ina wannan aiki, Hajiya.”

Baffa ya share gumi, ya zaro tasa takardar yana ƙaƙalo murmushi, wai ko za a taimaka a duba masa. Dattijuwar ta latsa lambar a wayarta, ta sake latsawa, ta miƙa masa abarsa. “Alhaji, lambar nan ta wani babur ce, ta kuma mutu shekara huɗu da suka wuce. Wannan takarda ko ƙosai...” ta fasa, ta girgiza kai. “Ka nemi wanda ya ba ka.” Ya kira mutumin nasa sau goma a gaban kowa, waya a kashe.

Inna ta fashe da kuka, ta miƙa hannuwa biyu. “Zo nan, 'yata... Na ci amanarki, na kau da kai ranar da kike neman uwa. Ki yafe min kafin in je in haɗa ido da ɗana!” Anti Direba ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta, suka yi ta kuka, 'Yar Baba na jan gyalen uwarta tana dariya da hawaye. Sannan Inna ta dubi Baffa ta ce kada ya ƙara taka ɗakinta sai ya bi layin nan gida-gida ya janye ƙazafin da ya yi.

Bayan wata guda kamfani ya biya, ta sami wata jif mai kujera bakwai, yaran makaranta suka dawo har da ƙari. Wata safiya ana yayyafi, 'Yar Baba ta nuna bakin titi. “Mama, ga Baffa can!” Yana tsaye a tashar bas, babbar riga ta jiƙe ta manne masa, motoci na watsa masa ruwa. Anti Direba ta taka birki ta sauke gilashi. Ya kasa haɗa ido da ita. Ya leƙa kujerar ƙarshe da ta rage can baya tsakanin jakunkunan yara, ya ce da ƙaramar murya, “Ba zan jawo miki matsala da kamfani ba?”

“Shigo, Yaya,” in ji ta. “Ai na gaya musu ina ɗaukar mutane.”